Rawar Ramin Ƙofar Gidana

Jama'a, yau da safe na fito zan tafi kasuwa, sai na tarar ba ni da hanyar fita daga gidana. Ku tsaya ku ji yadda aka yi, don ni ma da hannuna a ciki.

Akwai wani rami a titin ƙofar gidana da ya girmi 'yar autata. Da damina har kwaɗi ke haihuwa a ciki. Na kai kuka wurin manya har takalmina ya suɗe, kullum amsar ɗaya ce: ana nazari. Allah Ya ƙara wa nazari lafiya.

Kwanan baya santsi ya kwashe ni a bakin ramin, ina ɗauke da buhun albasa. Na yi taga-taga, na wulwula hannu, na murguɗa ƙugu, sannan na zauna daɓas cikin ruwa. Ashe Sa'ida mai suyar kifi a tsallaken titi tana riƙe da portabul, wato wayar hannu, tana ɗaukata bidiyo. Ko sannu ba ta ce ba, ta ɗora wa faɗuwata kiɗa ta saki.

Kafin sati, samari daga garin Tounouga har ƙetaren gadar kogi suna "Rawar Rami". Ko a biki, in makaɗi bai iya kiɗanta ba, ba mai yi masa liƙi. Na ji kunya ƙwarai, har na daina zama a majalisa.

Maƙwabcina Seyni ya ce, "Malam, ai ka ci riba. Manyan yanzu ba su jin kuka, rezo suke ji, wato abin da ke yawo a waya. Wallahi za su zo."

Suka kuwa zo. Mai Girma Sarkin Nazari, Garkuwan Talakawa In Da Kamara, ya sauko daga mota da masu riƙe masa waya har uku. Na matsa zan yi bayanin ramin, ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, koya mini wurin murguɗa ƙugun nan." Na koya masa. Gaskiya a faɗe ta, mutumin yana da ƙugu. Ban taɓa ganin aikin da ya zage a kai haka ba.

Da zai tafi ya ce gobe ma'aikata za su zo da shebur. Har ƙwalla na yi, na sa aka yanka zakara.

Suka zo da shebur ɗin. Ina kallo suka hau haƙa. Na ce, "Samari, cikewa fa aka ce!" Shugabansu ya ce, "A'a Baba, faɗaɗawa. Jiya tawagar Mai Girma ba ta shiga hoto duka ba."

Yanzu ramin ya kai bakin zaurena. Mai son ziyarata ya biya bakin kogi tukuna ya nemo ɗan kwalekwale, kuma don girman Allah ya bar wayarsa a gida.