Yadda Za Ka Saka Surukarka a Motar da Ba Ta Kai Ƙugu Ba

Kana da tsohuwar motar tseren nan ta Ingila, mai kujera biyu da inji a bayan ƙeya, uwargida kuma ta ce a sayar? Kwantar da hankalinka, dabarar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Maƙwabcina Onuki na garin Odawara shaida ne. Matarsa Sumire ta gindaya masa sharaɗi: "In Mama ta iya shiga gwangwanin nan ta fito, mota ta zauna. In ta kasa, dillali."

1. Rage nauyi. Duk darajar motar rashin nauyinta ne. Cire rediyo, cire darduma, cire safaya. Onuki ya yi haka, sannan ya je ya nannarki taliya don murna. Tumbi ai ba kayan mota ba ne.

2. Koya wa tsohuwa shiga. Rusuna ka ce, "Mama, ƙafar dama tukuna, sai a sunkuya, sai..." Kafin Onuki ya rufe baki, surukarsa Mama Tsuya ta naɗe kamar tabarma ta shige.

"Ɗan nan, tun kafin a haife ka a ƙasa nake zama. Wannan ma har da majingina!"

3. Hau dutsen Hakone a hankali, kamar mai dakon ƙwai. Masana sun ce tsofaffi ba sa son gudu.

"Wayyo daɗi, ɗumin injin nan a gadon bayana! Rabon da ƙuguna ya saki haka tun rasuwar baban Sumire. Taka ta mana, ko ƙafar aro gare ka?"

4. Fito da mutuncinka. Nan ilimina ya ɗan yi ƙaranci. Da suka dawo gida Mama ta fito tsaf, ko nishi babu. Onuki kuwa tumbi ya maƙale a sitiyari, sai da rarrafe ya fito, maƙwabta na yi masa tafi. Sumire har da hawaye don dariya, ta ce mota ta zauna. Murna ta kashe shi, yana durƙushe yana godiya.

Mama ta zare makulli daga hannunsa. "Ka cire komai don ta yi sauƙi, ka yi ƙoƙari. Saura kai."

A kula: na yi alkawarin ba za a sayar da mota ba, ban ce kai za ka riƙa tuƙa ta ba. Duk Lahadi Onuki ke wanke ta, ya ɗaga wa Mama hannu ta fice da ita. Kada kowa ya kawo kuka ƙofata.