Shafin Lawwali da Tabarya Mai Ɗankwali

Wani saurayi ne a unguwarmu, Lawwali, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya. In ya fara cika baki, sai ka rantse shi ya haƙa rijiyar intanet da farcensa.

Saura mako guda bikin yayar Furera, yarinyar da ya daɗe yana yi wa shawagi, ya je zance, ya karkace hula.

"Zan haɗa muku shafi, kowa ya ɗora hotunan biki. Na wasu daskarewa yake, ki yi ta zaman jira. Nawa? Kina ɗorawa kina hirarki, fit!"

Furera ta sunkuyar da kai tana murmushi. "In ya yi kyau, ni da kaina zan gabatar da kai wurin Gwaggo." Gwaggo kuwa ita ce wuƙa, ita ce nama a gidan.

Abokinsa Isuhu ya duba aikin ya ce, "Kai, shafinka yana rubuta 'An gama' tun hoto bai isa ma'ajiya ba. Ɗan aike ne mai cewa ya kai saƙo tun yana zaure. Sa shi ya jira amsa."

"Jira aikin raggo ne," in ji Lawwali.

Ranar biki mata suka yi ta dannawa. Ƙit, "An gama!" Sai su rufe shafin su koma rawa, hoto ya mace a hanya. Gogan naka kuwa sai baza babbar riga yake, yana karɓar gaisuwa.

Washegari da la'asar aka cika falon su Furera, aka jona shafin da talabijin don kallon hotunan biki. Gwaggo ta gyara zama. Lawwali ya danna.

Wayam! Ba amarya, ba ango, ko ƙafar kujera babu. Sai bidiyo ɗaya tal, wanda ya yi gwaji da shi a gida, ya bari har ya shiga, ya manta bai goge ba.

Sai ga Lawwali cikin singileti, durƙushe gaban tabarya da ya ɗaura wa ɗankwali. "Furera, hasken idona, in babu ke..."

A cikin bidiyon, daga tsakar gida muryar mahaifiyarsa ta ratso: "Lawwali! Ajiye min tabaryata, ka zo ka kwashe kashin awaki!"

Falo ya kaure da shewa. Furera ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Gwaggo ta share hawayen dariya ta ce, "Furera, huta, ya gabatar da kansa. Injiniya, mu dai ba mu da ta cewa. Je ka ji amsa daga bakin tabaryar."