Ranar da na goyi bayan shata

Ba zan taɓa mantawa ba da taron 'yan garinmu a wani gidan abinci da ke titin Huanshi Lu, a ƙasar wajen da muke fatauci. Magana ce a kan firamaren garinmu: ko dai mu matsa wa gwamnati ta gyara ta, ko a miƙa ta ga 'yan kasuwa su gudanar da kuɗin gwamnati, su zaɓi ɗalibansu. Wani Dakta da ya zauna a Amurka ya ce can ana kiran wannan "makarantar shata".

Duk wannan bayanin bayan idona aka yi. Ina kasuwar Baima ina fama da dilolin kaya, sai a makare na faɗo, "shata" kawai na tsinta. To ni fa kullum cikin ɗaukar shatar mota nake! Na ce a raina, ashe motar kai yara makaranta ake nema, yau ranata ce.

Ko zama ban yi ba na ɗaga hannu (har da gyaran hula, wallahi).

"Jama'a, shata ta fi! Ba tsaye-tsaye, ba kwashe-kwashe. Wanda ka zaɓa shi zai hau, saura su bi da ƙafa! Akwai wani lawban, wato mai kamfani, abokina, gobe zan samo mana bas biyu."

Sai wani ya ƙware da shayi, daga nan dariya ta ɓarke. Alhaji Bala, shugabanmu, ya nuna mini wayar da ke buɗe a tebur. Ashe hedimasta na kan layi daga gida. Hedimastan nan kuwa mahaifina ne, wanda ya kwashe makonni yana roƙon kada a raba 'ya'yan talakawa da makarantar.

"Wane ne wannan?" in ji Baba.

Alhaji Bala ya ce, "Ɗanka ne, Malam."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Bai san me ake yi ba, amma kun ji da bakinsa: saura su bi da ƙafa. Abin da nake ta gaya muku ke nan."

Aka kaɗa ƙuri'a, shata ta sha ƙasa. Washegari Baba ya kira ni ya yi godiya, ya ƙara da cewa ni ma hujja ce makarantar na bukatar gyara.

Har yau Kwandasta ake kirana. Yanzu in na makara taro, shayi nake fara nema kafin in buɗe baki.