Yadda Ake Kamo Wifi a Gidan Mushe Ado

Kai da ka sayi sabuwar ordinatar, wato kwamfuta, ta kan tebur, ka girke ta a falo, ka kira maƙwabta suka yi maka barka, sannan ta ƙi kama wifi, share guminka, ka zo inda ya dace. Duk wanda ya bi matakan nan bi da bi, na yi masa alkawari zai samu rezo, wato sabis ɗin intanet, ko da ba ta hanyar da ya zata ba. Ban taɓa buɗe cikin ordinatar ba, kuma ba na bukata. Na dai zauna kusa da maƙwabcina Mushe Ado na unguwar Yantala a birnin Yamai ina ba shi shawara, a shekarar nan da damina ta gaza, sojoji kuma suka karɓi mulki. Abin da ya yi shi za ka yi.

1. Fara da alkawari, gyara ya biyo baya

Kada ka kuskura ka gwada na'ura kafin ka yi shela. Mushe Ado ma'aikacin gwamnati ne, mutumin Dakwaro. Ƴarsa Balki tana Kanada da mijinta, ta haifi ƴa mace. Mahaifiyarsa kuwa, Inna Hajjo, fari ne ya taso ta daga ƙauye bayan shanunta sun faɗi ɗaya bayan ɗaya, kuma tun da ta iso Yamai ba wanda ya ga dariyarta. Abin yana cin Ado a rai ƙwarai. Don haka ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, ranar suna za ki ga tattaɓa-kunnenki da idonki, tana motsi, a cikin falon nan."

Ta ce, "Daga Kanadar?"

"Daga Kanadar, Inna."

"To. Allah ya nuna mana."

Balki da ta ji labari ta waya, sai ta ƙara masa nauyi. Ta ce ba wanda zai ji sunan jaririya sai tana kallon fuskar kakarta. Kafin magariba duk Yantala ta sani. Sai bayan haka Ado ya kunna ordinatar.

2. Kalle ta da idon manya

A can ƙasan ekaran, wato allon na'urar, ta hannun dama, akwai wasu ƴan sanduna masu nuna ƙarfin rezo. Idan ka ga jar alama ta hau kansu, kada ka nuna firgita. Gyara zaman tabarau. Ce "hm" kamar wanda ya gane matsalar amma ya raina ta. Kashe, kunna. Sake kashewa, sake kunnawa. Na'ura kamar jaki take, tana gane wanda ke tsoronta.

Ledar da ta zo da ita kuwa, bar ta a jiki. Ba ta da alaƙa da wifi, amma baƙo zai san sabuwa ce.

3. Nemo wanda za ka ɗora wa laifi

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, kuma bana an samu yalwa. Akwai masu kuran, wato ƴan lantarki, da ke ɗauke wuta ba sallama. Akwai zafi. Akwai kuma sabbin masu mulki, sai dai su a hankali ake ambatonsu, kana duba taga.

Ni fari na zaɓar wa Ado. Na yi masa bayani cewa wifi a iska yake tafiya, iskar bana kuwa ta bushe ƙayau, ba abin da zai iya iyo a cikinta. Ya gamsu, ya ajiye daro cike da ruwa a ƙarƙashin tebur. Maƙwabcinmu Sumana mai taksi, Bazabarme, ya leƙo ya daɗe yana kallon daron, sannan ya ce, "Kala suru, Mushe, sai haƙuri." Matar gidan, Madam Zainabu, ta shigo ta ga abin da aka yi. Famfo ya kwana biyu bai kawo ba, sai kawai ta ɗauke daron ta yi wanke-wanke da shi.

4. Je ka duba akwatin, amma da ladabi

Kowane wifi yana da uwa: wani ɗan akwati mai ƙaho da fitilu masu ƙyaftawa. Na gidan Ado yana ɗakin da wayar tarho ta shigo, wato ɗakin da aka sauki Inna Hajjo. Ɗa na ƙwarai kuwa ba ya faɗa wa ɗakin uwa kai tsaye. Tsaya a bakin ƙofa. Cire takalmi. Yi sallama. Jira.

Ado ya jira. Ya ji motsi a ciki, ya ji ƙarar ƙarfe ya bugi siminti, ya ji tsohuwa tana nishi. Can ta ce, "Shigo."

Akwati yana nan a kan ɗan benci, fitilunsa kore shar, ba abin da ya same shi. Babbar tukunyar ƙarfe ta gidan tana gefe. Inna tana kan tabarma da carbi.

"Inna, ba wanda ya taɓa abin nan ko?"

"Wa zai taɓa maka, ɗan nan? Ina ce ni kaɗai ce a ɗakin."

Ya koma falo da sauri, ya tarar sanduna sun cika. Kafin ya gama hamdala sun zube. Maimaita wannan matakin duk lokacin da ranka ya ɓaci. Sakamakon ba ya canzawa, amma kana samun ladan gaida mahaifiya.

5. Kada ka kira teknisiyan

In kuma matarka ta matsa ka kira, to ka shirya jin kunya. Na gidan Ado ya zo daga wajen Gaweye da rana tsaka, ana cikin girki. Ya danna nan, ya danna can, komai yana tafiya kamar ruwa. Ya dubi Ado da tausayi ya ce, "Mushe, lafiyarta lau." Ya ci tuwo ya tafi. Ana gama wanke-wanke rezo ya bi bayansa.

6. Lura da lokutan da yake zuwa

A nan ne ilimi ya bambanta da hayaniya. Gidan Ado ya cika da dangi da fari ya koro, saboda haka babbar tukunya ba ta hutawa rana da yamma. Muka lura: duk lokacin da aka ɗora girki, wifi yana zuwa. Da an sauke an wanke, ya ɓace. Na zauna na yi nazari, na fito da sakamako: wifi ƙamshin abinci yake bi. Ba abin mamaki ba ne, a shekara irin wannan kowa ma shi yake bi.

Ado ya tafi madafa da wannan bincike. Ya ce, "Madam, ko za a riƙa barin tukunya a wuta har dare?"

Ta ce, "Mushe, mutanen da ke gidan nan ma da kyar hatsin ke isarsu. Ba zan tuƙa wa rezo tuwo ba."

Kada ka yi gardama da mai riƙe da muciya. Ka dai tsara kiranka ya faɗo lokacin girki.

7. Ranar suna, kira tun tukunya tana wuta

Haka aka yi. An yanka rago, shinkafa tana tafasa, falo ya cika har ƙofa. Ado ya sa babbar riga, ya danna, sai ga Balki a ekaran da jaririya cikin farin zane. Mata suka rangaɗa guɗa. Sumana ya ɗaga wa jaririyar hannu yana gaishe ta da Zabarmanci, "Fofo!" Ado ya dube ni, na dube shi, kowa ya san wanda ya kawo dabarar.

Sai dai gaisuwa ta ja lokaci, don kowace gwaggo sai ta tambayi Balki sanyi da gajiya. Ana cikin haka aka kwashe shinkafa a faranti. Ana cikin haka kuma Haruna, ɗan wata maƙwabciya da ke aikin soja, ya shigo cin suna da kakinsa da manyan takalmansa.

Balki ta ce, "Baba, ina Kaka? A kira ta in faɗi sunan."

Aka duba, ba Inna a tsakar gida. Balki ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai hoton ya daskare a haka, baki buɗe, ido ɗaya a rufe. Sanduna suka zube.

8. Sau ɗaya a rayuwarka, shiga ba sallama

Ado ya tattara riga ya ruga. Bai cire takalmi ba, bai tsaya a ƙofa ba, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro. Ya tarar da babbar tukunya a kife a kan akwatin, ko wanke ta ba a yi ba, wayoyi sun leƙo ta ƙarƙashinta. Inna Hajjo tana zaune daram a kai.

"Inna! Me ke nan?"

"Rufe bakinka, akwai soja a gidan."

"Haruna ne fa, ɗan gidan Ladi."

"Ko ɗan wa ne. Zamanin sojan farko, kana goye, ubanka ya sayo rediyo mai dogon ƙaho. Masu kaki suka ce magana yake da wata ƙasa. Sai da wata ya sake aka sako mini shi. Kai kuma ka kawo mai ƙaho har da fitilu, kana gaya wa duniya da Kanada kake magana." Ta ƙara gyara zama a kan tukunyar. "Shanuna sun tafi ina kallo, ban iya komai ba. Kai ba za a tafi da kai ina kallo ba."

Ado ya dubi tukunyar. Kwana da kwanaki yana zagin kuran da iska, ashe uwarsa ce ke gadinsa da tukunya, tana ɗagawa in ya yi sallama ko in masu girki sun zo nema. Tausayinta ya kama shi har idonsa ya cika. Ya durƙusa ya ce, "Inna, yarinyar ta cikin akwatin nan take zuwa. In kin rufe shi, kin rufe ta."

Ta dube shi, ta dubi tukunya. "Tana ciki yanzu?"

"Tana jiranki."

Ta miƙe, ta ɗaga tukunyar da kanta, ta ƙi a taimaka mata.

9. Matsa gefe

Sauran aikin ba naka ba ne. Hoto ya motsa. Aka ba Inna kujerar Ado. Balki ta ce, "Ke tsohuwa, ina kika shiga? Ga kishi ya kama ki tun ba ki gan ta ba." Ta ɗaga jaririya har fuskarta ta cika ekaran. "An sa mata Hajara. Takwararki ce."

Inna ta kai hannu ta shafa ledar ekaran daidai kumatun yarinyar. Sai ta yi dariya, irin wadda ake ganin dasashi, wadda Ado ya yi wata da watanni yana nema. Sannan ta juya ta nuna Haruna da yatsa.

"Kai mai kaki. Akwatin can nawa ne, ba na ɗana ba. In kamu za a yi, ni za a kama. Amma sai na gama ganin takwarata."

Haruna ya haɗiye lomar da ke bakinsa ya ce, "Kaka, ni shinkafa ta kawo ni."

Jan kunne

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da zai biyo baya. Ba ruwansa da daron da aka ɗauke, ko tuwon da teknisiyan ya ci, ko maiƙon da ya zauna a ƙahon akwati har yau. Ba ruwansa musamman da abin da ya samu Mushe Ado. Tun ranar sunan nan Inna Hajjo ta sa aka mayar da ordinatar ɗakinta, kusa da akwatinta, rezo kuwa bai sake yankewa ba sai in an ɗauke wuta. Idan Ado yana so ya taɓa abin da ya saya, sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire takalmi, ya yi sallama. Yawanci abin da yake ji daga ciki shi ne, "Dakata, ɗan nan, muna hira da takwara."