Jirgin Alhaji Sallau a Bakin Kanal

Duk wanda ya san Alhaji Sallau mai kwanon rufi a kasuwar Ƙofar Ruwa ya san ba a cutarsa a ciniki. Shagona yana jikin nasa shekara goma sha huɗu ke nan, kuma ban taɓa ganin ya karɓi bandir ɗin kwano bai ɗaga ɗaya bayan ɗaya ya ƙwanƙwasa ba. Amma ruwa kam, in ka cire na sha da na alwala da na sunan kasuwarmu, babu abin da ya haɗa su. Ko a kududdufi bai taɓa yin iyo ba tun yana yaro.

Bara waccan ya je Ikko ɗauko kaya, sai wani abokin hulɗarsa ya kai shi gidansa da ke bakin ruwa. A bayan gidan akwai 'yar matattakala, ga jirgi mai inji a ɗaure a ƙasanta kamar yadda muke ɗaure rago a tsakar gida. Suka shiga, suka haye wancan ƙetaren suka ci kifi, suka dawo. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, amma mu wata uku muka yi muna jin labarinta. Mutum zai zo sayen kusa, ya tafi da bayanin yadda iska ke kaɗa babbar riga a tsakiyar teku. Daga ƙarshe Alhaji ya yanke cewa mai kuɗin da ba shi da jirgi, talaka ne da bai gane kansa ba.

Muna tsammanin zance ne kawai, sai ga tirela ta shigo unguwarsu daga Yawuri ɗauke da wani dogon kwale-kwale na katako. An yi masa rumfa da kujeru, an shafe shi da fenti kore da fari, an rubuta sunan Alhaji a gefe biyu don kada a ɗauka na wani ne. Tare da shi aka zo da wani matuƙi Basarke mai suna Dantani, dattijo marar yawan magana. Dantani ya kwana biyu yana tambayar ina ruwan yake, da bai samu amsa ba ya hau mota ya koma gida, ya ce in ruwan ya samu a kira shi.

Jirgi ya zauna a ƙofar gida a kan tsofaffin tayoyi wata biyar. Akuyoyin unguwa suka mayar da ƙarƙashinsa wurin hutun rana. Hajiya Tabawa, uwargidan Alhaji, ta gano cewa babu inda kuɓewa da barkono ke saurin bushewa kamar rufinsa. Masu adaidaita sahu suka fara kiran lungun Tashar Jirgi, har baƙo in ya ce can za shi ba a ƙara tambayarsa kwatance. Duk wannan Alhaji ya shanye. Abin da ya kawo ƙarshen zaman shi ne ranar da wani tsoho ya rasu a cikin lungun, aka fito da makara aka rasa hanya, sai da aka ɗaga ta sama aka miƙa ta hannu da hannu ta kan jirgin. Da yamma mai unguwa ya zo da kansa, ya gaisa da Alhaji cikin mutunci, ya ce masa kafin wata ya mutu yana so ya ga lungun nan a buɗe.

A nan ne aka haɗa Alhaji da Malam Ilu, dillalin filaye da gonaki a wani ƙauye da ke bayan Kadawa, inda ake noman rani. Ilu siriri ne, kullum da asuwaki a baki, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai jinya. Mutanen yankin sun shaide shi da cewa ba ya ƙarya. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne ba ya amsa abin da ba a tambaye shi ba. Alhaji ya gaya masa yana neman fili a bakin ruwa inda zai ajiye jirginsa. Ilu ya ce akwai.

Ni na raka shi ganin wurin. Fili ne babu komai a kansa, fari fat kamar an barbaɗa gari, alhali hagu da dama duk rake ne da masara sun fi mutum tsawo. Ilu bai ɓoye ba, ya ce kanwa ce ta cinye ƙasar, ko ƙaya ba ta fitowa, mai gonar ya daɗe da haƙura da ita. Alhaji ya ce hakan ma ya fi, an hutar da shi biyan masu shara. Shi idonsa yana kan kanal ɗin, wato babbar hanyar ruwan da aka gina da siminti don ban ruwan gonaki. Ga ta nan a bakin filin, cike taf, ruwan yana tafiya sumul, yana kaɗa inuwar rake. Ta hagu ta yi kwana ta shige cikin rake, ta dama ma haka.

Tambaya uku Alhaji ya yi. Zurfin ruwan, Ilu ya ce yana shanye dogon mutum. Ko yana ƙafewa, Ilu ya ce sai in za a yi yasa, sati biyu a shekara. Sai ya tambayi ina ruwan yake zuwa, Ilu ya nuna gabas da asuwakinsa ya ce ruwan nan in ka bi shi har ƙasar Haɗeja yana kaiwa. Na ga fuskar Alhaji ta washe. Yana da suruki a Haɗeja wanda ya daɗe yana so ya burge.

Don Allah kada a zalunci Ilu, sai da ya ce mu ɗan taka gaba a ga yanayin wurin. Alhaji ya dubi taɓon da ke bakin gonar rake, ya dubi takalminsa sabo, ya ce shi da ya ga teku da idonsa ba za a zo ana zagayawa da shi ana nuna masa ruwa ba. Ni ma a mota na ba shi shawara a kira Dantani ya zo ya duba tukuna. Ya ce kafin Dantani ya taso daga Yawuri labari ya kai kunnen Alhaji Barau, shi kuma Barau ko ba ya so zai saya don dai ya ɓata masa rai. Barau shi ne mai shagon da ke kallon nasa, sun shekara ashirin suna gaisawa da fara'a kowa yana ƙirga motocin da ke tsayawa a ƙofar ɗan'uwansa. A ranar aka yi ciniki, bai ko nemi ragi ba, mutumin da ke neman ragi a wurin mai ƙosai.

Cikin sati uku aka ja katanga, aka yi rumfar kwano mai kyau, da yake kwanon na gida ne, aka gina matattakala har cikin ruwa, aka kafa ƙarfen ɗaure jirgi. Tirela ta sake zuwa lungu ta ɗauke jirgin, Hajiya Tabawa tana mitar ina za ta koma da shanyarta.

Aka sa ranar Asabar da hantsi za a buɗe. Bas biyu aka cika daga kasuwa. Aka gasa raguna, aka jera lemo a cikin ƙanƙara. Mai unguwa ya zo, Alhaji Barau kuma takanas aka aika masa da mota. Alhaji ya fito cikin shadda ruwan sararin samaniya, ya ɗora rigar kariya daga nutsewa mai ruwan lemo a kan babbar rigar. Guda ɗaya ya sayo, mu sauran aka bar mu da addu'a.

Dantani ya iso da safen nan. Na gan shi ya tsaya a kan matattakala, ya dubi faɗin kanal, ya dubi tsawon jirgi, ya sosa ƙeya. Ya matso kusa da Alhaji ya ce yana da 'yar magana. Alhaji ya ce a bari sai an dawo, baƙi suna jira.

Mu goma sha ɗaya muka shiga. Liman ya yi addu'ar tafiya cikakkiya, ta masu nisan zango. Dantani ya ja igiyar inji, ya tashi da ƙara, 'yan kan tudu suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto. Alhaji yana tsaye a gaba, hannu ɗaya a ƙugu, iska ta fara taɓa rigar kamar yadda ya sha ba mu labari. Muka sha kwanar farko, sai Dantani ya kashe inji ya dafe gefen siminti da gorarsa.

Gada ce a gabanmu, irin wadda amalanken shanu ke bi su shiga gona. Tsakanin ruwan da cikin gadar ko agwagwa sai ta sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ɗauke da kwandon tumatir tana kan gadar, ta tsaya ta yi mana sannu da zuwa.

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce ba komai, a juya, dama yamma ya fi son a fara gani. Dantani ya ce maganar da yake son yi ke nan tun da safe: tsawon jirgin ya fi faɗin kanal ɗin, ba zai juyu ba ko da za a yi wata ana gwadawa. Sai dai a koma da baya. Ya sa gora ya fara tura mu, mu kuma muna zaune muna kallon inda muka fito yana nisa a hankali. Muka wuce ta gaban fili da baya-baya, masu cin nama suka ɗauka gwaninta ce suka hau tafi. Muka sha ɗaya kwanar. Nan kuma wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe ce ta raba ruwa, an rufe ta da kwaɗo, girmansa ya kai kan jariri.

Manoma sun bar aiki sun jeru a bakin kanal, sun dogara da fartanyoyinsu. Can sai Alhaji Barau ya gyara hula, ya tambaya cikin ladabi: “Alhaji, nan ɗin Haɗeja ce, ko tukuna muna Wudil?”

Daga baya wani ya auna da ƙafa. Daga gada zuwa ƙofar ƙarfe taku tamanin ne da 'yan kai.

Washegari Alhaji ya kai ƙarar Ilu gaban mai garin ƙauyen, ya tafi da ni shaida. Ya yi bayani mai tsawo, ya ce an yaudare shi, an tozarta shi a gaban abokan kasuwa, a dawo masa da abinsa. Mai gari dattijo ne mai haƙuri, ya bar shi ya gama, sannan ya bi tambayoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya. Ruwan yana da zurfi? Yana da shi. Ya ƙafe? Bai ƙafe ba. Yana zuwa Haɗeja? Ilu ya ce ruwan yana zuwa, jiya ma ya je, shi bai taɓa cewa da jirgi yake tafiya ba. Ya ƙara da cewa wurin ajiye jirgi aka ce ya nemo, kuma a duk ƙasar nan babu inda jirgi zai ajiyu kamar nan, ko ɓarawo ya kwance shi sai ya dawo da shi.

Mai gari ya juyo kaina ya tambaya ko gaskiya ne dillali ya ce a taka a ga gaba. Alhaji yana kallona, ni ina kallon tabarma. Na ce an yi haka. Mai gari ya ce to ciniki ya ɗauru, ya ba Alhaji haƙuri, ya kuma roƙe shi ya riƙa rage ƙarar inji saboda shanun mutane.

Da muka fito, Alhaji ya daɗe a tsaye a gindin darbejiyar ƙofar fada. Fushin ya sauka, saura lissafin ɗan kasuwa. Ya san muddin filin nan yana hannunsa, Barau ba zai rasa abin gaishe shi da shi kowace safiya ba. Ya yafito Ilu, ya ja shi gefe, ya sassauta murya.

“Malam Ilu, abin da ya wuce ya wuce. Ka san aikinka, na shaida. Yanzu ka nemo mini mai saye. Da katangar da rumfar da jirgin duka, ko da faɗuwa ce na yarda, la'adarka kuma ninki biyu. Amma a yi shi cikin sati nan, a yi shi shiru.”

Ilu ya cire asuwaki daga baki, ya ce abin da wuya.

“Wace irin wuya? Kai da ka sayar da shi cikin yini ɗaya?”

“Yini ɗaya a wurinka, ranka ya daɗe. Ni shekara tara yana hannuna. A duk tsawon nan mutum ɗaya tak na samu da zai iya sayen filin nan, shi kuma ya riga ya saya.”