Ɗunyar Malam Hamani

"Lahiya lau, amarya, sai dai na iske kin ƙara tsuhwa tun da sahe," in ji Rachidi, yana jingine moto a ƙofar ɗakin kakarsa Zeinabu.

Ita ta aike shi gonarsu ta Madekali ya sassaƙo mata ɓawon ɗunya, don kwana uku cikinta na murɗa. Itaciyar nan kuwa ranta ce. Da marigayi mijinta Malam Hamani ya share gonar, komai ya sare, ita kaɗai ya bari. To ɗan birni da adda ai abin tsoro ne, shi ya sa tun fitarsa hankalinta bai kwanta ba.

"Tsohuwar zuma da ita aka magani, miji marar cefane. Ina saƙona?"

"Ga buhu nan bisa moto. Na tuɓe ma itaciyar riga tas, tun daga gindi har wuya."

Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Ka zagaye ta? La ilaha! Iccen da anka zagaye ai ya mutu!"

"Ta mutu mana! Shekara nawa ina neman ki, kina ta zancen wani tsoho da iccenai?"

"Tsohon nan ya hi ka komi. Ɗunyar nan ita ta ba mu ɗinkin, ɗanyen ganyenta, munka yi kwaɗo shekarar da ruwa ya ci shinkahwa. Maɗinta ubanka ya sha ya girma. Kai mi ka taɓa ba ni, ban da hayaƙin moto?"

"Na ba ki haƙora ukun da sunka rage miki, aro na."

"Buɗe bakin in gani. A'aha! Baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. An aiki biri gona! Ɗiyan ma ka cinye?"

"Ɗanɗanawa ni yi, kar a ba amaryata guba."

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙe da ƙyar ta kwance buhun, wallahi abin tausayi. Sai ga ɗunya nunanna fal, a sama kuma ɗan ƙunshi: sassaƙe biyu, kowanne bai wuce tafin hannu ba.

"Guda gabas, guda yamma," in ji Rachidi. "Na kwaɓa laka na shahe mata ciwon. Haka tsohon naki ya gwada min ina ƙarami, har da ranƙwashi biyu."

Zeinabu ta riƙe ɓawon, ta goge ido da bakin zane. Can sai ta tuntsire da dariya.

"Ɗan nema! Ka so ka kashe ni kahin ciwon ciki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrahe. Gobe in na dahwa maɗi, ƙwaryar hwarko taka ta."

"To na ƙwace ki kenan?"

"Ka ƙwace maɗi dai. Ni ta mai ɗunya ta, har gobe."