Yadda Ungulu Ta Auna Nasara

Shekara uku ke nan kyarketai sun hana Dajin Marke sakat. Su afka wa ƙauye, su kwashe 'yan raguna, su shige kogo. Sarki Zaki ba ya son ƙaya ta taɓa tafinsa, don haka ya miƙa yaƙin ga Mikiya da rundunarta. Duk ƙauyen da ya kawo kuka, washegari shaho ɗari za su bi ta kansa da garwashi a farce, su zazzage, su dawo a yi musu kirari.

Da gunaguni ya yi yawa, Sarki ya kafa kwamitin auna nasara, ya ba Ungulu shugabanci. Ranar rahoto da ƙyar ta ja tumbinta zuwa fada.

A ranar ne Tabawa, wata akuya daga Tungar Ƙirya, ta iso a galabaice. Kyarketai sun ɗauke mata ɗa guda, saura biyu a gida, ta zo neman agaji. Aka ce ta durƙusa a bakin ƙofa sai an gama.

Ungulu ta gyara murya. "Allah ya ja zamanin Sarki, mun zaga ƙauye goma sha biyu da aka yi wa ruwan wuta. Kafin aikin, kullum suna zuwa fada da ƙorafi. Bayan aikin, ko ɗaya bai sake kawo kuka ba. In wannan ba nasara ba ce, mece ce?"

Kunkuru, wanda tsufa ya rage wa tsoro, ya tambaya ko ta ga gawar kyarkeci ko guda. Ungulu ta ce wuta ba ta barin fata balle a gane mai ita, amma dai naman ba laifi. Waziri Kura ya ƙara da cewa masu irin wannan tambaya su ke karya wa dakarunmu gwiwa. Aka tafa, Mikiya ta samu sabuwar lambar yabo.

Sannan Sarki ya hango akuyar, ya yi mata fara'a irin ta masu mulki.

"Baiwar Allah, daga wane ƙauye? Faɗi kukanki, gobe-goben nan za a share miki hawaye."

Tabawa ta dubi shahunan da ke jere a kan katanga suna wasa farce. Hankalinta ya tashi, ta tuna 'ya'yanta biyu.

"Ranka ya daɗe, gaisuwa kawai na kawo. Lafiya lau muke."

Ungulu ta sa aka ƙara wannan a cikin rahoto.